Gidaje 84, gurbin jirgi 22: yaya kuke rabon bakin tafki a unguwanninku?

Sakatare, Mishigan:

Assalamu alaikum. Tambayata ga 'yan'uwa mazauna Amurka da ke cikin kwamitin ƙungiyar masu gidaje, wato HOA, musamman waɗanda unguwarsu ke da bakin tafki na tarayya. Ga halin da ake ciki: gidaje 84, gaɓa ƙafa 240, dandamali ɗaya da ya shiga cikin ruwa, mai gurbin ɗaure jirgin ruwa 22. Gidaje 31 ke layin jira, na kan gaba ya shekara 9 a ciki. Gurbi 4 masu riƙe da su ba su da jirgi, haya suke ba wa mutanen da ba 'yan unguwa ba. Yanzu kuma wani ya sa gidansa a kasuwa, an rubuta a talla cewa har da gurbin jirgi. Saura mako shida taron shekara. Ta ina ake kamawa?

Tsohon shugaban kwamiti, Mishigan:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku ajiye maganar rabo tukuna, ku nemo takardu. Ku je ofishin rajistar filaye na gundumarku ku ciro abu uku: taswirar farko da aka yanka unguwar da ita, takardar sharuɗɗan da mai ginin ya yi wa rajista, da takardar mallakar gidan nan da ake sayarwa. Kwafin da ke cikin kabad ɗin kwamiti ba ya isa, don sau da yawa an yi gyara daga baya ba a haɗa shi ciki ba. A jikin taswirar akwai 'yan layuka, galibi da ƙananan haruffa a gefe, da ke faɗin wa aka ba filin bakin ruwa kuma don me. Waɗannan layukan su ne alƙali.

Gurbi iri uku ne. Akwai wanda aka rubuta a takardar mallakar gida, shi yana bin gidan duk inda ya je. Akwai wanda na tarayya ne amma an keɓe wa wani gida a takardar sharuɗɗa, shi ma yakan bi gidan. Sai na uku, na tarayya zalla, kwamiti ne ke ba da izinin amfani shekara-shekara. Idan naku na ukun ne, mai sayar da gidan nan ba shi da abin sayarwa. Ku rubuta masa shi da dillalinsa tun kafin a ƙulla ciniki, don idan mai saye ya biya kuɗi da zaton yana da gurbi, ku zai kai ƙara tare da su.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne bambancin haƙƙin wucewa da haƙƙin ɗaure jirgi. Hanyar zuwa ruwa kamar burtali take: ka bi da dabbobinka ka kai su mashaya, amma ba ka kafa turke a kai ka kwana. A shari'ar Thies da Howland ta 1985 kotun ƙolin Mishigan ta duba kalmomin taswira, ta ce masu gidajen baya, waɗanda ba sa bakin ruwa, suna da damar amfani da hanyar bakin ruwa amma ba su da ikon kafa dandamali ko girke jirgi dindindin. Haka kuma tun 2012 dokar Mishigan ta hana ɗaure jirgi tsakanin sha biyun dare da fitowar rana a inda titin gwamnati ya ƙare a bakin tafki. Duk wanda ya ce muku kakansa ma a nan yake ɗaurewa, ku tambaye shi takarda.

Maganar haya ga baƙi kuma, ku tsayar da ita a wannan bazarar. Dandamalin gida ɗaya da ake cirewa lokacin sanyi ba ya bukatar izinin jiha, amma na ƙungiya hukumar muhalli ta jihar Mishigan, wato EGLE, takan ɗauke shi tashar jirage a ƙarƙashin sashe na 301 na dokar muhalli ta 1994, wanda sai da izini. Da zarar baƙi sun fara biyan kuɗi, kun buɗe wa maƙwabtan tafki ƙofar kai ƙorafi.

Ma'aji, Minesota:

Alhaji ya gama magana kan takardu. Ni layin jira zan taɓa, don nan ne zumunci ke lalacewa.

Tsarin da ya zauna a wurinmu shi ne layin na gida ne, ba na mutum ba, kuma gida ɗaya suna ɗaya. Ana shiga da takarda mai kwanan wata da ɗan kuɗin ajiya da ake mayarwa. Idan gurbi ya faɗo, ana rubuta wa na kan gaba, yana da kwana 14 ya amsa. Ya ƙi sau ɗaya, yana nan a matsayinsa. Ya ƙi sau biyu, ya koma ƙarshe. Duk watan Afrilu mai gurbi zai kawo takardar rajistar jirgin da sunan mai gidan a jiki, da shaidar inshora. Wannan sharaɗin kaɗai ya kashe haya ta bayan fage, don jirgin baƙo ba zai fito da sunan ɗan unguwa ba. Jirgi ya shiga gurbinsa kafin 15 ga Yuni. Wanda ya san ba zai sa jirgi bana ba ya sanar da kwamiti, a ba na gaba a layi aron shekara ɗaya, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Shekara biyu a jere babu jirgi, gurbi ya koma.

Ku liƙa layin inda kowa zai gani, lambar gida da kwanan wata kawai. Layin da ke cikin kwamfutar mutum ɗaya, ko waliyyi ne ke riƙe da shi sai an zarge shi.

Ku auna kuma. Jirgin nan mai faffaɗan bene da iyalai ke so yawanci faɗinsa ƙafa 8 da rabi ne, gurbin da bai kai ƙafa 10 ba zai riƙa gugar gefensa duk sanda iska ta taso. Tsawon da za ku rubuta a ƙa'ida ya zama daga hancin jirgi har ƙarshen inji idan an ɗaga shi, ba tsawon da kamfani ya rubuta ba, don bambancin yakan kai ƙafa biyu ko fiye, kuma shi ke toshe hanyar juyawa.

Mamba, Wiskonsin:

Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban gamsu da tsarin wanda ya riga shi ke da abu ba. Gidaje 84 ne ke biyan kuɗin filin, 22 ke mora har abada. Idan gurbi ɗaya ko biyu ke faɗowa a shekara, na 31 a layi zai tsufa bai hau ruwa ba. Mu ƙuri'a muke yi, wa'adin shekara uku, wanda ya ci ba ya sake shiga sai an zagayo.

Ma'aji, Minesota:

Gaskiyarka ta fuskar adalci, Malam. Matsalar ita ce mutum ba ya sayen jirgi da na'urar ɗaga shi daga ruwa don shekara uku, kuma na'urar ana daidaita ta ne da zurfin gurbi ɗaya. Sannan masu riƙe da gurbi 22 ɗin nan su ne ba sa fashin taro, su za su kayar da ƙudurin. Abin da ke iya wucewa shi ne a bar na yanzu da nasu har ranar da suka sayar da gida, duk gurbin da ya dawo kuma ya shiga sabon tsari mai wa'adi, ko shekara biyar ne. A ware gurbi biyu na yini, ba kwana, a yi maratayar ƙananan kwale-kwale a tudu. Rabin masu jira abin da suke so ke nan.

Kafin wani ya ce a ƙara gurabe: a tafkin Minnetonka nan Minesota, hukumar da ke kula da shi tun 1967 ƙa'idarta ta asali jirgi ɗaya ne a kowace ƙafa 50 ta gaɓa. Da wannan lissafin gaɓarku jirgi 4 za ta ɗauka. Dandamalan da suka wuce haka da yawansu an bar su ne don sun riga dokar zuwa. Ƙaramar hukumarku ma tana iya samun irin wannan doka, kuma wanda ya taɓa fasalin tsohon dandamali yana iya rasa alfarmar da yake ci.

Injiniyan lantarki, Misuri:

Malam Sakatare, akwai wuta a dandamalinku? Idan akwai, wannan ta riga layin jira muhimmanci, don ita rai take ɗauka.

A ruwan daɗi jikin mutum ya fi ruwan saurin ɗaukar lantarki, saboda haka idan waya ta yi yoyo cikin tafki, wutar ta jikin mai iyo za ta bi. Kaɗan ta isa ta sandarar da gaɓoɓi, mutum ya nutse shiru, a ce bai iya ruwa ba. Ranar 4 ga Yuli 2012 yara biyu sun rasu haka a tafkin Ozarks nan Misuri. Sashe na 555 na kundin ƙa'idar lantarki ta Amurka ya tanadi na'urar da ke yanke wuta idan yoyon ya kai miliamfiya 30 a soket ɗin da jirgi ke jona wa. Ƙananan soket masu yanke wuta da kansu idan ta yi yoyo, wato GFCI, su a wajen miliamfiya 5 suke yankewa.

Gwajin ba wuya. A jona jirgi, a kunna duk kayan wutar cikinsa, a ɗauko mita mai baki kamar awartaki a maƙala wa igiyar wutar gaba ɗayanta, ba waya ɗaya ba. Idan lafiya, abin da ya tafi shi ke dawowa, mita za ta nuna kusan sifiri. Duk abin da ta nuna sama da haka, wuta ce da ta sami wata hanyar komawa, kuma hanyar nan ruwa ce. Jirgi-jirgi za a bi. Inda na fi samun ɓarna shi ne mahaɗar gada da dandamali mai iyo: wurin yana lanƙwasa dare da rana, bututun ya tsage, rigar wayar ta goge har jan ƙarfen ya fito yana kore. Sai kuma doguwar wayar gida da wani ya ja don cajin batir. A danna maɓallin gwaji duk wata, mai lasisi ya duba duk shekara kafin a buɗe, a kafa allon hana iyo kusa da dandamali. Wanda ya ji tsikar wuta a ruwa ya yi nesa da dandamalin, kada ya kama tsanin ƙarfe, na tudu kuma ya kashe wuta kafin komai, kada ya faɗa ceto.

Mamban kwamitin dandamali, Jojiya:

Ga masu karatu da ke kan tafkunan gwamnatin tarayya, lissafinku daban ne. Tafkin Lanier na Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka ne, har da zirin ƙasar da ke kewaye da ruwan. Ƙungiya ba ta mallaki gaɓa ba, izini take riƙe da shi na shekara biyar, kuma izinin mutum ba ya bin gida idan an sayar, sabon mai gida sai ya nema da sunansa. Tsarin kula da gaɓa da Rundunar ta fitar a 2004 ya ƙayyade dandamali 10,615 a tafkin duka. Ko bishiya ba a sarewa a zirin nan sai da izini, kuma laifin mamba ɗaya yana iya shafar izinin kowa.

Ruwan kuma yana tafiya. Cikarsa ƙafa 1,071 ne sama da teku, a farin 2007 ya sauka ƙasa da 1,051 a watan Disamba. Ƙafa 20 ke nan. Dole a sa mutum biyu da aikinsu shi ne sassauta igiyoyin ƙarfe su tura dandamali ciki idan ruwa na ja, su jawo shi idan yana dawowa. Idan aka bari ya zauna a laka, firam ɗin ya murɗe, tulunan da ke ɗauke da shi su fashe. A rubuta tun yanzu wa zai matsa idan guraben bakin gaɓa suka kafe.

Ma'aji, Minesota:

Mu namu ƙanƙara ce. Dandamali mai ƙafafu a fitar da shi kafin tafki ya daskare, don ƙanƙara idan ta motsa takan tuge turakun ko ta lanƙwasa su. A sa wa kowane sashe lamba da fenti, kusoshi a zuba a bokiti ɗaya mai murfi, in ba haka ba watan Mayu sai an nemi rabinsu an rasa. Dokar Minesota kuma ta ce dandamali ko na'urar ɗaga jirgi da aka ciro daga wani ruwa sai ta bushe kwana 21 kafin a sa ta a wani, saboda 'yar kumbar nan mai zanen jakin dawa da ke manne wa ƙarfe tana yanka ƙafar yara. Mamban da ya sayo na hannu, a tambaye shi daga wane tafki.

Kuɗi kuwa a raba asusu biyu. Fili, yashi, yankan ciyawa da ƙofar shiga na gidaje 84 ne. Dandamali na masu gurbi ne. A ɗauka sake shi zai ci dala 120,000 nan da shekara 20: dala 6,000 ke nan a shekara, a raba 22, kusan dala 273 kan kowane gurbi, ban da gyara, wuta da kuɗin sawa da cirewa. Ku kira mai inshorarku ya nuna muku a rubuce cewa dandamalin na ciki, don takardu da yawa sun cire duk abin da ke kan ruwa. Idan kuma mamba mai naƙasa ya nemi gurbi mafi kusa da tudu, kada ku ce masa layi kawai, dokar gidaje ta gwamnatin tarayya ta wajabta a duba buƙatarsa, musanya tsakanin masu gurbi takan warware ta.

Sakatare, Mishigan:

Allah ya saka da alheri. An ciro taswirar. An rubuta cewa filin don amfanin dukkan masu filaye a unguwar ne, babu maganar dandamali ko jirgi ko kaɗan. Takardar gidan da ake sayarwa ma ba ta ambaci gurbi ba. Wuta kuwa akwai, soket shida, an kashe ta daga babban akwati jiya har mai lasisi ya zo.

Tsohon shugaban kwamiti, Mishigan:

Madalla da kashe wutar. Wasiƙar dillali ta fita gobe, a haɗa da kwafin taswirar. Sai a duba sunan wa ke kan takardar mallakar filin bakin ruwan kansa. Idan ƙungiya ce, ita ce mai gaɓa, dandamalin na da madogara, rabon kuma na kwamiti ne. Idan har yanzu sunan kamfanin da ya yanka unguwar ne, ko kuma haƙƙin wucewa kawai aka ba ku, kada ku kai ƙudurin rabo taron nan. Ku kai wa lauyan da ya san shari'ar bakin ruwa takardun uku, tare da duk tsohon hoto ko rasit da ke nuna shekarar da aka fara kafa dandamalin, ku nemi amsarsa a rubuce kafin ranar taro.