Private Relay na iPhone: da gaske yana ɓoye komai?

Maman Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na sayi iPhone na hannu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, mai shagon ya kunna min wani abu wai shi Private Relay. Ya ce muddin ina biyan kuɗin iCloud+ (ma'ajiyar Apple ta intanet) duk wata, babu mahalukin da zai ga abin da nake yi, ko da kamfanin layi ne. To shekaranjiya na duba farashin keken ɗinki a Safari, manhajar buɗe shafukan intanet ta iPhone, da daddare sai ga tallan irinsa sak a wata manhajar sada zumunta. Asarar kuɗi nake yi ko yaya?

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai shagon ya ƙara gishiri. Apple ta fito da shi ne a 2021 tare da iOS 15, kuma aikinsa kamar 'yan aike biyu ne. Na farko na Apple ne: ya san gidan da saƙo ya fito, wato adireshin IP ɗinki, amma ambulan a rufe take, bai san inda za ta ba. Na biyu na wani kamfani ne daban, irin su Cloudflare ko Akamai: ya san shafin da za a kai wa, bai san mai aikowa ba. Don haka kamfanin layinki ba ya ganin shafukan da kika buɗe a Safari, shafin kuma ba ya ganin ainihin IP ɗinki. Iyakarsa ke nan. Chrome, takwaran Safari na Google, ba ya ciki, yawancin abin da sauran manhajoji ke aikawa ma ba ya bi ta nan.

Ɗalibin Kwamfuta: Anti, maganar tallan nan, kin taɓa yin rajista a shafin da lambar waya ko imel? In haka ne, ai kin rufe fuska da mayafi ne kuma kin faɗi sunanki a bakin ƙofa. Shagunan intanet da yawa suna tura bayanan masu ziyara ga kamfanonin talla, a haɗa da asusun mutum. Wannan ba ruwansa da IP.

Baban Usman: Ni tambayata, zai maye gurbin VPN, manhajar da ke sa a gan ka kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet? Lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 da VPN muka rayu.

Mai Gyaran Waya: A'a Alhaji. Ba ya ba ka damar zaɓen ƙasa. Zaɓi biyu ne kacal: a nuna yankinka a dunƙule, ko ƙasarka da agogonta. Ko wanne ka ɗauka, ɗan Najeriya za a gan ka. Ofis ko makaranta ma na iya toshe shi a wifi ɗinsu, sai wayar ta sanar da kai. Kuma tun ƙaddamar da shi Apple ta ce ba zai yi aiki a wasu ƙasashe ba, har da Sin, Masar da Saudiyya. Masu zuwa Umara su lura.

Maman Khadija: Ikon Allah. Lallai na saka lambata a shafin, wai za a ba ni ragi. To in daina biya?

Ɗalibin Kwamfuta: In kina ajiye hotuna a ma'ajiyar iCloud+ ɗin, ki ci gaba da biya, ki bar Private Relay a kunne, tunda ba a ƙara miki ko kwabo a kansa. In saboda talla kawai kike biya, shiga Settings, ki je Privacy & Security, ki kashe izinin bibiya na manhajoji. Wannan kyauta ne.

Maman Khadija: Na gode. Hotunan atamfofin da nake sayarwa sun cika shi, zan bar shi. Keken ma dai har yanzu ban saya ba.