Minti huɗu ko minti arba'in: muhawarar masu tuƙin inji a Jidda

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina nan a kan bakana game da abin da na faɗa jiya a ɗakin motsa jiki, cewa wanda yake tuƙi da iya ƙarfinsa na minti huɗu a kan injin kwale-kwale ba ya bukatar ya zauna minti arba'in yana ja a hankali. Hujjata ita ce binciken Izumi Tabata na Japan da aka wallafa a 1996, inda ake yin daƙiƙa 20 da matuƙar ƙarfi, a huta daƙiƙa 10, har sau bakwai ko takwas. Mu da ba ma samun kanmu sai bayan Isha'i, wannan ne daidai da mu.

Malam mai horarwa: Wa alaikumus salam, Auta. Binciken gaskiya ne, amma a kan keken motsa jiki aka yi shi, tsawon mako shida kacal, kuma su kansu masu tsananin an ware musu rana ɗaya a kowane mako da suke fara yin minti 30 a sassauce. Sannan ka duba abin da muke auna kanmu da shi, wato mita 2000, nisan da ake tseren kwale-kwale a gasar Olamfik. Josh Dunkley-Smith na Ostareliya ya gama shi a kan inji cikin minti 5 da daƙiƙa 35.8 a 2018, mu kuwa muna cin minti bakwai zuwa takwas, kuma a irin wannan tsawon mafi yawan ƙarfin da jiki ke kashewa daga numfashi da zuciya yake fitowa. Doguwar tafiya ce take gina wannan. Stephen Seiler, wanda ya daɗe yana nazarin 'yan wasan juriya a Norwe, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayen manyansu mai sauƙi ne.

Auta: Malam, Allah ya ƙara sani, amma waɗannan mutane ne da tuƙi shi ne sana'arsu, safe da yamma. Kashi 20 na makonsu ya fi dukan makona yawa. Ni sau uku nake zuwa.

Kawu: Ɗana, ni na bi hanyarka kafin ka bi ta. Bara na shafe wata biyu kullum ina yin tsananin, na kuma ɗaga makullin iskar fankar injin, mai ƙara nauyin ja, har lamba 10 saboda ina ganin hakan ne jarumta, alhali kamfanin Concept2 mai ƙera injin da kansa tsakanin 3 da 5 yake ba da shawara. Nakan sauka daga kujerar ƙafafuna suna rawa, maƙogwarona yana ɗanɗanon ƙarfe, tafin hannuna duk ya yi bororo, in kwanta a kan tayil ina kallon rufi. Makonnin farko lokacina ya ragu sosai, daga nan ya tsaya cik, sai kuma ƙugu ya kama ni har ruku'u ya zame mini aiki.

Yaya ma'aikacin jinya: Kawu, Allah ya ƙara lafiya, sai dai laifin na kullum ɗin ne da kuma makullin, bai kamata a ɗora wa tsananin shi kaɗai ba. Auta yana da gaskiya ta wani gefen da Malam bai taɓo ba. Allon injin yana nuna cewa wanda ke cin mita 500 a minti 2 yana ba da ƙarfin da ya kai wat (ma'aunin ƙarfi) kusan 203, wanda kuma ke cin ta a minti 1 da daƙiƙa 45 yana ba da kusan 302. Ragin daƙiƙa 15 kawai yana neman ƙarin kusan rabin ƙarfin, kuma jikin da bai taɓa ɗanɗana wannan nauyin ba, to zai ƙi shi ranar gwaji. Abin da nake gani a wurin yawancinmu shi ne, tuƙin da muke kira na hankali ba na hankali ba ne, domin kowa yana leƙen allon maƙwabcinsa. Washegari kuma a zo yin tsananin babu sauran ƙarfi a cinya.

Malam mai horarwa: Na yarda da wannan, kuma ma'aunin tuƙin hankali mai sauƙi ne. Ja 18 zuwa 22 a minti ɗaya, kuma idan ba za ka iya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana ba tare da haki ba, to ka wuce gona da iri. Ga mai zuwa sau uku, ni zan ce kwana biyu na minti arba'in, kwana ɗaya na mita 500 sau shida da hutu a tsakani.

Auta: Ni dai zan juya lissafin, biyu na tsanani, ɗaya na hankali. Mu gwada mita 2000 ranar Asabar, mu sake bayan mako shida.

Kawu: Na amince, da sharaɗin a kan inji ɗaya za a yi, domin na kusa da ƙofa ƙura ta cika fankarsa, kuma ni zan riƙe takardar lokutan.