Yaya za a koyar da motsa jiki a makarantar da ba ta da fili?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare mai haɗe da ƙaramar sakandare, wadda harabarta da ƙyar take ɗaukar taron safe. Darasin motsa jiki yana cikin jadawalinmu, amma da zarar lokacinsa ya yi, ko dai a miƙa wa yara tsintsiya, ko kuwa malamin lissafi ya karɓe shi, bisa hujjar cewa ba mu da fili kuma ba mu da kayan wasa. Shin akwai mafita?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama. Wannan hujja ba ta karɓuwa, domin an ɗauka ƙwallon ƙafa shi kaɗai ne motsa jiki. Langa ba ta buƙatar komai sai yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, kuma tana ƙarfafa cinya tare da koya masa tsayuwa ba tare da tangaɗi ba. Har a gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya ana yin ta tare da kokawa da dambe. Igiya ɗaya da gawayin zana layi sun ishi aji guda. 'Yan aji 1 zuwa 3 gudu da tsalle da jifa da cafewa suke buƙata, a bar maganar ƙa'idojin wasa da alƙalanci sai sun shiga ƙaramar sakandare.

Ma'aikaciyar Jinya:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsu ya ƙaru, don haka darasin mako-mako bai wadatar ba, balle a ce an soke shi. Sai dai a kula da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu a mayar da darasin farkon safiya, a tanadi ruwan sha, sa'annan a lokacin hunturu a sa ido kan masu cutar asma saboda ƙura. Ina kuma roƙon malamai su daina horon yara da tsallen kwaɗo, domin yaron da aka saba azabtarwa da motsa jiki ba zai so darasinsa ba.

Mahaifin Ɗaliba:
Malam, na yarda da batun langa, amma ba a kan daɓen siminti ba, domin faɗuwa a cikinta ba makawa. Damuwata ita ce 'yan mata, waɗanda sukan janye jiki da zarar sun shiga sakandare. Idan aka ware musu lokaci, da malama mace, da suturar da iyaye suka aminta da ita, yawancinmu ba za mu hana ba. Malama, ki gabatar da wannan a taron iyaye da malamai na gaba.