Na haɗa sabuwar kwamfuta amma ta ƙi tashi, ko fanka ba ta motsi

Mai_Bidiyon_Biki:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin haɗa kwamfuta ku taimaka mini. Aikina tace bidiyon biki, kuma laftof ɗina ta gaza, shi ya sa na tara kuɗi na sayo kaya ɗaya bayan ɗaya: firosesa Ryzen 5 5600, madabod (babban allon da ake soka sauran kayan a jikinsa) MSI B550, RAM guda biyu masu giga 8 kowanne, katin girafik GTX 1660 Super, da fawa-saflai (akwatin da ke raba wa kayan wuta) mai wat 650. Jiya da dare na gama ɗaurawa, na danna maɓallin gaban kes, wato akwatin kwamfutar, shiru. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba, ko ƙara babu.

Makunnin bayan fawa-saflai yana kan I, wato a kunne yake. Na canza soket, na cire igiyar wuta na sa ta monita wadda na san tana aiki. Abu ɗaya da na lura, idan na soka maus a USB na baya yana haske. Akwai bidiyon wasu mutane a hannuna da na yi alƙawarin bayarwa ƙarshen mako, hankalina a tashe yake wallahi. Ta ina zan fara?

Dan_Zariya:

Wa alaikumus salam. Ni dai fawa-saflai nake zargi. Cire shi gaba ɗaya daga jikin madabod, ka samu guntun waya ka haɗa koriyar wayar babban fulogin nan mai ƙafa 24 da baƙa ɗaya da ke kusa da ita, sannan ka kunna. In fankarsa ta juya yana da rai. In wayoyinka duk baƙaƙe ne, duba takardarsa ka nemo ƙafa ta 16 da ta 17, kada ka yi ka-cici-ka-cici. Kuma kada ka kuskura ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket.

Injiniya_Mai_Gyara:

Dan_Zariya, gwajinka daidai ne, amma kada ya fara da shi. Akwai wanda ya fi sauƙi, ba sai ya kwance komai ba.

Ɗan'uwa, hasken maus ɗin nan wutar jiran aiki ce, bolt 5 da fawa-saflai ke bayarwa ko kwamfuta na kashe. Yana nuna wuta ta iso madabod, bai nuna sauran layukan lafiya suke ba. Abin da ya rage mu sani shi ne, saƙon "tashi" yana isa kuwa? Maɓallin gaban kes ba wani abu yake yi ba illa haɗa ƙafafu biyu na ɗan lokaci. To ka yi aikinsa da hannunka. A gefen ƙasa na madabod ɗinka akwai jerin ƙananan ƙafafu da aka rubuta wa JFP1. Buɗe littafin madabod ka ga biyun da ke na kunnawa, ka zare ɗan fulogin da aka rubuta wa POWER SW, ka taɓa su biyun tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Babu abin da zai ja ka, wutar wurin kaɗan ce. Su biyun kawai za ka taɓa.

In bai tashi ba, cire wuta ka danna fulogi mai ƙafa 24 har sai ka ji ɗan maƙallinsa ya kama, domin sabo yana da tauri, mutane da yawa suna barinsa rabi. Ka duba na firosesa mai ƙafa 8 a sama ta hagu, wanda ke rabuwa 4 da 4. Mai rabuwa 6 da 2 na katin girafik ne. In duk wannan bai yi ba, sai gwajin Dan_Zariya, sannan a fito da madabod a ɗora kan kwalinsa, don wani lokaci kusar tagulla ɗaya da ta zauna ba a gurbinta ba tana taɓa bayansa.

Mai_Bidiyon_Biki:

Alhamdu lillah! Oga Injiniya, ina taɓawa da sukudireba fankoki duka suka ɗauka. Na mayar da fulogin kes a kan ƙafafun nan biyu na sake dannawa, shiru. Ke nan maɓallin ne ya zo a lalace? Allah Ya saka muku da alheri, ku biyun.

Injiniya_Mai_Gyara:

Amin. Ko maɓallin, ko wayarsa ta tsinke a ciki. Kafin ka mayar wa waɗanda suka sayar maka da kes ɗin su canza, ɗauki fulogin RESET SW ka sa a gurbin na kunnawa, iri ɗaya ne aikinsu, ka riƙa kunnawa da ƙaramin maɓallin. Igiyar monita kuma a jikin katin girafik za ka soka, 5600 ba shi da girafik na kansa, ta madabod ba za ka ga hoto ba. Sannan yadda wutarmu take hawa da sauka, kada ka fara aikin mutane sai ka sa mata sitabilaiza ko UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.