Taƙaitawa: manna cikon haƙori na kwamfozit da aka haɗa a wajen baki

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa kan yadda ake manna wa haƙori cikon kwamfozit (wani haɗi mai kama da roba, mai launin haƙori) da aka haɗa a wajen baki.

1. Kowa ya yarda cewa cikon ya riga ya gama daskarewa a wajen baki, don haka siminti (gam ɗin da ake manna ciko da shi) ba ya kama shi sai an karce fuskarsa da za ta zauna a kan haƙori. A fesa wa fuskar garin alumina (wani gari mai kaushi) mai girman mikron 50 a hankali, a wanke, a busar, sannan a shafa silen (sinadarin da ke taimaka wa siminti ya kama cikon).

2. Yawu shi ne babban maƙiyi. A killace haƙorin da shimfiɗar roba. Wani ya ce auduga ta ishe shi, ba wanda ya goya masa baya.

3. A shafa wa haƙorin asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari: daƙiƙa 30 a kan enamel (ɓawon haƙori na waje), 15 a kan dentin (sashen da ke ƙarƙashinsa).

4. A guji simintin wucin gadi mai yujinol (sinadarin da ke cikin man kanumfari).

Inda aka rabu: wasu na son simintin da ke daskarewa da haske da kuma kansa, musamman idan cikon ya yi kauri. Wasu sun fi son ɗumama kwamfozit su manna cikon da shi a madadin siminti, don share rararsa ya fi sauƙi, sai dai yana saurin hucewa kafin cikon ya zauna daram. Asid ɗin haidirofulorik kuwa, wanda shi ma ake karce ciko da shi, yawanci sun ce a bar wa cikon seramik (tangaran), ni ma nan na tsaya.