In an cire ciyawar filin shaƙatawa, me za a sa?

Mai Ban-ruwa, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da wani ɗan filin shaƙatawa a unguwarmu. Daga Nuwamba har Mayu, safe da yamma nake kwarara wa ciyawa ruwan burtsatse, ga yara da jarkoki suna layi a bakin ƙofa. Wallahi abin yana ci mini rai. In na kai shawarar a cire ta, me za a sa?

Baban Khadija, Tsafe:
Wa'alaikumus salam. Shuka darbejiya da tsamiya da kurna, Malam. In ka shayar da su rani biyu, saiwarsu ta kama, ka huta. Kar ka manta da gawo, shi da rani yake fitar da ganye, lokacin da aka fi buƙatar inuwa.

Malamar Firamare:
Baba, yaran fa? In aka cire ciyawar duka aka zuba tsakuwa, ba sa iya ƙwallo a kanta, da azahar kuma zafi take ɗauka. A bar musu ɗan fili mai ciyawa, sauran a zuba yashi.

Ɗan Kaura:
Haka aka yi a jihar Nebada ta Amurka. Dokar 2021 ta ce a cire ciyawar ado a yankin Las Begas, amma ba ta taɓa filayen wasa ba.

Mai Ban-ruwa:
Na gode. Gobe zan tambayi kuɗin dashen tsamiya.