Sallamar ma'aikaci: wa ya taɓa ƙonewa, a ina kuma ya koyi gyara?

Bazazzagiya, Ogba

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata takwas ke nan da aka mayar da ni sashen kula da ma'aikata a wata masana'antar sarrafa abinci. Yau da safe oga ya kira ni ya ce in rubuta wa mai kula da sito takardar sallama, a miƙa masa ranar Juma'a. Na ce wane dalili zan sa? Ya ce ba sai da dalili ba, in rubuta kamfani ba ya buƙatar aikinsa, a haɗa masa da albashin wata ɗaya, shi ke nan. Mutumin shekararsa shida a nan. Ina cikin karatun jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, amma abin da ke littafi daban, takardar da za ka miƙa wa magidanci hannu da hannu daban. Don Allah duk wanda ya taɓa tsayawa inda nake tsaye ya gaya mini yadda tasa ta kaya.

Tsohon Akawu, Apapa

Wa alaikumus salam 'yata. Irin wannan takarda mai layi biyu na rubuta ta ba adadi a kamfanin jigilar kaya, ban taɓa jin ko ɗar ba. Haka muka taso muka tarar: mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko maras kyau, ko ba dalili sam, muddin ya ba da notis ko ya biya kuɗinsa. Ƙa'idar Ingila ce muka gada, kotuna kuma sun daɗe a kanta.

Wadda ta ƙone ni ta wani shugaban direbobi ce. Ba ya ga maciji da sabon manaja, manaja ya ce a cire shi, na rubuta, na biya shi wata ɗaya, muka yi musabaha ya tafi. Bayan wata biyar sai ga sammaci daga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi. Dariya na yi, na ce wa lauyanmu ai mun biya notis. Ya kalle ni ya ce, Alhaji, yaushe rabonka da zuwa bita? A nan ya karanta mini abin da ya wuce ni ina zaune a ofis. Gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ɗaga kotun nan zuwa sahun manyan kotuna, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar ƙwadago, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a duniya. Da wannan damar alƙalanta suka riƙa jingina da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce ba a sallamar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili: ko halinsa, ko iya aikinsa, ko buƙatar kamfani.

Ni aka tsayar shaida. Na ce mutumin na yawan makara, yana kuma ɗaga wa manaja murya. Gaskiya ce wallahi. Lauyansa ya ce, ina takardar tuhumar da kuka ba shi kan makara? Babu. Ina ta gargaɗi? Babu. To me ya sa dalilin da kake faɗa yau ba ya cikin takardar sallamar da ka sa wa hannu? Zufa ta keto mini duk da na'urar sanyaya ɗaki. Shekara biyu muna sintiri tsakanin Apapa da Ikoyi, kin dai san cunkoson hanyar, daga ƙarshe muka yi sulhu a kan kuɗin da ya ninka wata ɗayan nan sau da yawa. Manajan da ya sa aka yi korar ya riga ya bar kamfanin, ko sau ɗaya bai taka kotun ba.

Bayan haka ne kamfani ya biya mini bitar dokar ƙwadago a gidan NECA, ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata, da ke Ikeja. Na zauna cikin yara sa'annin 'ya'yana ina rubutu kamar ɗan firamare.

Uwar Biyu, Ilupeju

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abu ɗaya don kada ƙanwata ta je ta gaya wa oga cewa magana ta ƙare. Lauyoyi har gobe suna gardama, akwai hukunce-hukuncen manyan kotuna da suka tsaya kan tsohuwar ƙa'ida. Amma ƙara dai a Kotun Ma'aikata ake fara ta, nan za ki fara tsayawa, shi ya sa ni ba na caca da ita.

Tawa ƙunar a notis ce. Na haddace sashe na 11 na Dokar Ƙwadago kamar karatun allo: kwana ɗaya in aiki bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Da za mu rabu da wani akanta mai shekara uku, na ba shi mako biyu ina ta jin kaina. Washegari ya dawo da takardar ɗaukarsa aiki, ya ja layi da jan biro a inda aka rubuta wata uku. Abin da ke cikin doka mafi ƙaranci ne, in yarjejeniya ta fi shi, yarjejeniya ake bi. Ƙari a kan haka, sashe na 91 ya ce ma'aikacin da dokar ke nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko na akawu, ban da shugabanni da masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Akantan nan tun farko ba ya cikinta. Muka cika masa kuɗinsa, ni kuma na sha kunya a gaban darakta.

Mai sitonku, in aikinsa rubuta shiga da fitar kaya ne, mai yiwuwa yana ciki. Amma ki fara ɗauko fayil ɗinsa ki karanta tun daga bango.

Ɗan Agege

Ni a kamfanin masu gadi nake, fiye da rabin ma'aikatanmu 'yan Arewa ne, shi ya sa ma aka ɗauke ni. Abin da ba kos ɗin da ya koya mini shi ne wannan. An kama wani maigadinmu ya bar bakin aiki da dare. Na bi ƙa'ida tsaf: takardar tuhuma, awa 24 ya ba da amsa, ya dangwala hannu ya karɓa. Bai amsa ba. Na ba shi ta biyu, shiru. Muka sallame shi, fayil cike da takardu, ina alfahari.

Bayan sati guda aka aiko in zo fadar sarkin Hausawan unguwarsu. Na tarar da shi zaune, takarduna biyu a cikin leda, ko lanƙwasa su bai yi ba. Dattawa suka ce in karanta musu da Hausa. Da na gama sai ya ce shi ya ɗauka takardar albashi ce aka canja wa fasali. A daren da ya bar aiki matarsa ce naƙuda ta kama, ya kai ta asibiti, kuma ya gaya wa abokin gadinsa. Wani dattijo ya ce mini, kai da aka sa a wurin don kana jin yarensu, da wane yare ka tambaye shi? Ban sami amsa ba. Sati uku ina canja masallacin Juma'a.

An mayar da shi. Tun daga ranar, duk takardar tuhuma sai na karanta wa mutum da Hausa a gaban shaidan da shi ya zaɓa, in rubuta amsarsa, in sake karanta masa kafin ya sa hannu. Akwai masu rubuto amsa da ajami, in fassara in liƙa da asalin. Da na ba da labarin a wata bita, malamin ya ce ai wannan shi ne jin ta bakin mutum da kotu ke nema, ba dangwalen yatsa ba.

Amma in gaya miki ɗaya gefen, 'yar'uwa. Da zarar an san ke Bahaushiya ce a wannan kujera, za a riƙa biyo ki har gida da roƙo, ko da mutum sata ya yi. Na koyi cewa a zo ofis.

Bakatsine, Ikorodu

Duk naku mai sauƙi ne, kuna da ogan da ke sauraro. Ni kamfanin mutum ɗaya nake wa aiki, shi ne darakta, shi ne doka. Na je kos har biyu da kuɗin aljihuna, na dawo da satifiket, na ce masa ga yadda ake yi yanzu. Ya ce da na buɗe kamfanin kana ina? Ya kori mutum uku rana ɗaya ta WhatsApp. Abin da kawai na yi, na tura masa imel na rubuta shawarata da kwanan wata, na ajiye kwafi. Ranar da takardar lauya ta zo ya fara cewa ban gaya masa ba, na buɗe waya. Bai ba ni haƙuri ba, amma bai kore ni ba. Wannan bita da ake ta yabo, masu kamfani ya kamata a tara a ɗaki, ba mu ba.

Uwar Biyu, Ilupeju

Malam Bakatsine, ka daina biya daga aljihunka. In kamfaninku na zuba wa ITF, asusun horar da ma'aikata na gwamnati, kashi 1 cikin 100 na albashin shekara, ana iya neman a mayar da har rabin abin da aka zuba idan an horar da ma'aikata bisa ƙa'idarsu. Ka nuna masa ta fuskar kuɗi. Ni da haka na shawo kan nawa, har shi ma ya bi ni zama ɗaya, ya yi barci rabin lokaci, amma ya ji wurin diyya.

Hajiyar Lekki

'Yata, ko da dalilinku ya fi ƙarfe ƙarfi, ki leƙa lissafin fanshonsa kafin Juma'a. Mu mun sallami direba a wani asibiti mai zaman kansa da nake aiki a da, laifinsa a fili, shi ma bai musa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Bawan Allah ya ƙirga watanninsa ya je. Aka buga masa takarda, sai ga shi fiye da shekara ba a zuba ko kwabo ba. Ana cire masa kashi 8 nasa duk wata, ya kamata asibiti ya ɗora kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ashe sashen kuɗi na juya kuɗin a sayen man janareto. Ya kai kuka PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, da suka zo kuma ba nasa kaɗai suka duba ba, na kowa suka buɗe. Tarar ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na bashin a kowane wata. Korar direba ɗaya ta tono abin da ya kusa rufe asibiti.

Ni ban ci ko sisi ba, amma ni ce na sa hannu a takardar da ta ce an biya shi duk haƙƙoƙinsa. Ban duba ba, na yarda da maganar baki. Har yau in na tuna sai in yi istigfari.

Bazazzagiya, Ogba

Allah ya saka da alheri. Na koma na tambayi oga a hankali, ko mutumin ya yi wani laifi ne in sa a rubuce. Ya ce ba laifi, kuɗin dizal da na wuta ne suka yi yawa, a sito akwai mutum uku, shi ne mai albashi mafi tsoka.

Tsohon Akawu, Apapa

Af, ashe biri ya yi kama da mutum. To 'yata wannan ba kora ba ce, rage ma'aikata ne, kuma sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya yi masa hanyarsa daban. A sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. A bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, tare da duba ƙwazo da iya aiki da riƙon amana. A kuma yi iya ƙoƙari a zauna a daidaita kuɗin sallama. Ogan naki so yake ya fara da wanda ya fi daɗewa, ya kuma ɓoye sunan abin. In kuka ɗauki wani a gurbin bayan wata biyu da rabin albashi, lauyan farko da ya ji labari zai yi murmushi.

Bakatsine, Ikorodu

Ki tura masa a rubuce kafin ki faɗa da baki. Na gaya miki.

Bazazzagiya, Ogba

Na bi maganar Anti Uwar Biyu na ɗauko fayil. Takarda huɗu ce kacal a ciki. Babu takardar sharuɗɗan aiki sam, wadda sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci cikin wata uku da fara aiki, shekara shida ke nan. Akwai fom ɗin neman aiki, da hoton katin shaida, da takardar asibiti ta kwana biyu. Ta huɗun takardar yabo ce ta bara, an ce shi ne ma'aikacin da ya fi kowa amana, har da kyautar buhun shinkafa, kuma sa hannun oga ne a ƙasa.

Na tura imel kamar yadda Malam Bakatsine ya ce, sannan na shiga na ajiye masa takardar yabon a kan tebur ban ce komai ba. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Ya ce wa ya koya miki wannan? Na ce iyayena a aiki. Ya ce a bar maganar Juma'a, in kira lauya ya zo Litinin ƙarfe goma, in kuma zo da fayil ɗin sauran biyun. Hajiya, na je sashen kuɗi neman takardar fansho, an ce mai makullin ya fita.